Bencin da Ba a Tayar da Kowa

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau Shugaban ƙungiyar ƙwallon kwando ta garinmu ya zo gidana da kansa. Da motarsa, da turarensa. Mai sayar da tayoyi ne, ajinmu ɗaya a firamare, shi ne mai zama a can baya yana tauna fensir. Ya ce kwamiti yana so in shigo a matsayin mai ba da shawara kan tsare-tsare. "Malam, ilimin nan naka bai kamata ya ruɓe a ɗaki ba." Tun yaushe yake ruɓewa, sai yanzu aka ji warin?

Na ce zan yi tunani. Yana fita na ciro rigar da nake zuwa ofis da ita a da, na kakkaɓe ta.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Taron farko. Ɗakin kwamiti yana saman zauren wasa, tagarsa tana kallon fili. Gaishe-gaishe suka cinye rabin lokacin: lafiyar iyali, lafiyar iyalin iyali. Da aka zo kan wasannin da aka lallasa mu a watan jiya, ba wanda ya ce an ci mu. "Sa'a ce ba ta zo ba," in ji Sakatare, kowa ya gyaɗa kai.

Na karanta musu tsarin da na rubuta na gyara ƙungiya. Suka tafa. Shugaba ya karɓa da hannu biyu, ya ɗora faifan kofuna a kai don kada fanka ta kwashe shi. Har aka tashi yana nan ƙarƙashin kofuna.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na je kallon wasa karon farko a rayuwata. Har yanzu ban dawo daidai ba.

Akwai benci a gefen fili wanda aka yi don 'yan wasan da suke jiran a sa su. Namu ba ɗan wasa ko ɗaya a kai. Tsofaffi ne jere: koci uku na da, tsohon mai kula da kayan wasa, da wani da ba wanda ya iya gaya mini aikin da ya taɓa yi. 'Yan wasan kuwa, zaratan samari masu tsawo kamar falwaya, suna zaune a ƙasa kan tawul. Kowane tsohon koci yana ƙwala nasa umurnin. Ɗaya ya ce a tare, ɗaya ya ce a ruga, ɗaya yana kiran sunan ɗan wasan da ya bar ƙungiyar tuntuni. Kocin yanzu, bawan Allah, kafin ya canja ɗan wasa sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya rusuna.

Na tambayi Sakatare su wane ne waɗannan. Ya ce, "Masu ba da shawara ne, Malam." Na ce, "Kamar ni?" Ya yi kamar tafi ya hana shi ji.

Mijin 'yata Auta shi ne kyaftin. Tsani suke ce masa. Ban taɓa ganin aikin nasa ba sai yau. Ban so auren ba tun farko, 'yata mai digiri ta auri mutumin da sana'arsa jefa ƙwallo cikin kwandon da ba shi da gindi. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, ya durƙusa, in amsa, ya tashi. Amma in ya miƙe sama zauren nan gaba ɗaya yana ɗauke numfashi. Wannan kam na gani.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ban san abin da ya ba ni mamaki a bencin nan ba. Garin ne aka ɗauko aka jera a kai. A shagon aski akwai tsohon da hannunsa yake rawa, ba a ba shi kan kowa, ba a kuma ce masa ya tafi gida. Kullum yana nan yana goge madubi. A gidan burodi haka, a tasha haka. A nan ba a korar mutum. Kujera ake ba shi, a yi ta gaishe shi har ya mutu.

Ni ma abin da aka yi mini ke nan a ma'aikata. Da suka gaji da ni sai suka ƙara mini girma, suka ba ni ɗaki a ƙarshen baranda, da babban suna a ƙofa, da tebur da ba a ajiye masa takarda. Kowace safiya darakta zai leƙo: "Yallaɓai, an tashi lafiya?" Har na yi ritaya ba wanda ya dube ni ya ce ba ma bukatarka. Da sun faɗa, da na tafi wani wuri tun ina da ƙarfi. Uwar Auta, Allah ya ji ƙanta, takan ce mutunta ni suka yi. Binne ni suka yi da raina, suna murmushi.

Zan sa a rage bencin nan. Shi ne abu na farko.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Shugaba ya ja ni gefe bayan taro. Maganar Direba ce, mai jan motar ƙungiya. A dawowarsu daga wasan waje ya goga motar a jikin ƙarfen gada, 'yan wasa suna ciki. Idonsa ya yi rauni. Kowa ya sani, in ji Shugaba, har samarin suna karanta masa alamun hanya kamar da wasa.

Na ce to ku gaya masa mana. Ya riƙe baki. "Haba Malam. Mutumin da ya yi abota da mahaifina? Da wane ido zan dube shi? Kai ne Allah ya ba iya magana."

Ba zan ɓoye wa kaina ba, na ji daɗi. Na ce a raina, yau garin nan zai ga yadda ake yi wa mutum gaskiya.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Na sami Direba a gareji da safe yana goge gilashin gaba, yana ta goge wuri ɗaya da ba datti. Ban yi kewaye-kewaye ba. Na ce idonka ba ya gani, ran mutane ne a hannunka, ka kawo makulli.

Ya ci gaba da goge gilashin. Sannan ya ce, "Wa ya aiko ka?" Na ce kwamiti. Bai miƙo mini makullin ba, kan taya ya ajiye shi. Ya ninke tsummansa, ya sa a aljihu, ya fita yana shafa bango da hannu.

Abin da ya kamata a yi mini ke nan tun tuni. Ban san me ya sa ban iya cin abincin rana ba.

Lahadi, 23 ga Fabrairu



A shagon aski na ji. Jiya Shugaba ya kwashi kwamiti kakaf suka tafi gidan Direba. Suka zauna kamar gidan makoki. Suka rantse ba su san zancen ba. Shugaba da bakinsa ya ce, "Mutumin nan karatu ya taɓa masa kai, ba ya jin magana, mu ma haƙuri muke yi da shi." Sakatare har hawaye ya yi, in ji mai aski. Suka tashi bayan sun naɗa Direba mai ba da shawara kan tafiye-tafiye. An riga an matsa masa wuri a benci.

Na tafi gidan Sakatare da rabin aski a kaina. Bai ko ji kunya ba. Ya ce, "Malam, ka kwantar da hankalinka. An daɗe ana neman wanda zai faɗa masa. Ga shi an karɓi makulli, shi kuma bai rasa kowa ba."

Na ce, "Ni fa?"

"Ai kai ba ka damu da mutane ba, kowa ya sani."

Na ce kafin ni wa yake muku wannan aikin? Ya ce akwai wani tsohon soja, amma ya rasu bara.

Ke nan ba don karatuna aka kira ni ba. Kare suke nema, mai cizo, don su zo daga baya su shafa magani.

Asabar, 1 ga Maris

A kasuwa gaisuwar da ake mini ta gajarce. Da ma ba doguwa ba ce.

Talata, 4 ga Maris

Na je da niyyar ajiye aikin. Ban kai ga buɗe baki ba Shugaba ya tura ni ɗakin Likita, ya rufe ƙofa, ya tsaya a jikinta kamar za a ƙwace masa.

Likitar ƙungiya mace ce, sa'ar Auta. Ta ɗaga hoton gwiwa a jikin fitila, ta nuna mini da biro. Guringuntsi ya cinye, ƙashi yana gogar ƙashi, jijiya ɗaya saura ƙiris. Ta ce in mai ƙafar nan ya daina yanzu aka yi masa aiki, zai yi tafiya kamar kowa. In ya ci gaba, dira ɗaya a karkace ta isa, sanda ce har ƙarshen rayuwa.

Na ce gwiwar wa? Likita ta dubi Shugaba. Nan na gane ta Tsani ce.

Na tambaye ta ko ta gaya masa. Ta sunkuyar da kai. "Na ce masa ya riƙa hutawa, Baba." Ya riƙa hutawa. Likita ce fa, da takardarta a bango. Ashe gidansu yana jikin gidan mahaifiyar Tsani, ita ce take mata kitso tana yarinya.

Shugaba ya fara, "Malam, tunda surukinka ne..." Na ce ni ba karenku ba ne. Ku nemi wani sojan. Na fito.

Wasan kusa da na ƙarshe ranar sha biyar ne ga wata.

Alhamis, 6 ga Maris

Ba ruwana. Likita tana da baki, Koci yana da baki. Mutum goma sha suna cin abinci a jikin ƙafar yaron nan.

Na sa ruwan shayi na manta har tukunya ta ƙone.

Asabar, 8 ga Maris

Na je wasa, ban san dalili ba. Na zauna can sama.

Yanzu da na sani, sai na ga abin da ban gani ba a da. In Tsani zai dira, ƙafar hagu yake ba wa nauyin duka. In an busa usur yakan dafa cinya kamar yana gyara wando. Ana cikin zagaye na uku ya tashi karɓo ƙwallo a bakin kwando, ya sauko, ƙafar ta lanƙwashe. Ya faɗi. Zauren ya yi tsit, ina jin ƙarar fanka.

Na dubi bencin. Tsofaffin nan duka suna kallon takalmansu. Likita ta juya tana bincike cikin jaka. Sun sani. Na dubi na kusa da ni, wani tela da matarsa, matar ta rufe fuska tun kafin ya dira. Su ma sun sani. Garin nan kaf ya sani.

Sai ya miƙe yana dariya, ya ɗaga hannu, aka ɗauki kiran sunansa, Tsani, Tsani, har rufi yana amsawa. Suna sonsa, ba ƙarya ba ne. Da wannan son za su gurgunta shi.

Lahadi, 9 ga Maris

Auta ta zo da la'asar kamar yadda ta saba. Ta share ɗaki, ta duba kwalbar maganin hawan jinina, ta yi mini faɗa kan tukunya. Sannan ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, abin da ta daina tun tana makaranta.

Ta ce kowace safiya ita take ɗaura wa mijinta ƙanƙara a gwiwa. Ba ya iya hawa matakalar gidansu sai ya tsaya a tsakiya, ya yi kamar yana duba waya. Na ce kin taɓa yi masa magana? Ta ce a'a. Shi fa? A'a. "In na faɗa, Baba, gobe wa zai ɗaura masa ƙanƙarar? Ba zai ƙara bari in ga ƙafar ba. In shi ya faɗa, za a ce ya gudu ya bar su gab da kofi."

Sai ta ce, "Kai za ka faɗa masa."

Na ce ke ma? Ta ce, "Ni ma. Kuma zan yi fushi da kai."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta maimaita, ba ta ko ƙifta ido ba. Za ta yi fushi, za ta daina zuwa, za ta ce a gabansa ubana ya ci mutuncin mijina. "Ranar da aka raba shi da ƙwallon nan, in ya waiwaya ya ga har ni na yarda ya ƙare, me ya rage masa? Dole ya samu wanda zai ji haushinsa, da waɗanda za su taya shi jin haushin. In ba haka ba haushin kansa zai ji."

Na ce wannan munafunci ne. Ta ce, "To. Kai da aka ba ka ɗaki a ƙarshen baranda, ba wanda ya faɗa maka komai, haushin wa ka ji?" Na ce kowa. Ta ce, "Har da mu."

'Yar da na koya wa lissafi a kan cinyata. Yaushe garin nan ya shiga cikinta ban sani ba?

Talata, 11 ga Maris

Na yi ta shirya maganar. Da Direba ban shirya komai ba.

Laraba, 12 ga Maris

Da hantsi. Zauren ba kowa sai Tsani, yana jefa ƙwallo daga layi, ba ya tsalle. Da ya gan ni ya saki ƙwallon zai durƙusa. Na ga yadda fuskarsa ta yi da gwiwar ta fara lanƙwasa. Na ce tsaya, kada ka durƙusa. Ban taɓa ce masa abin da ya wuce "lafiya lau" ba.

Na ce na ga hoton. Na faɗa masa abin da Likita ta faɗa, kalma da kalma, har da sandar. Na ce ba za ka buga ranar Asabar ba, ba kuma za ka ƙara bugawa ba. Duk abin da na shirya na tausasawa ya gudu.

Ya ce, "Baba, kwamiti ne ya aiko ka?"

Amsar tana bakina. Gaskiya ce kuma, ni da nake taƙama da gaskiya. Na ce, "Ba wanda ya aiko ni. Ni nake kula da tsare-tsare, ni na ce ba ka da wuri a ciki."

Ya daɗe yana kallon ƙwallon da ya gangara gindin bango. Ya ce, "Na gode, Baba," irin godiyar da ake yi wa baƙon da ya taka mutum. Ya ɗauki jakarsa. Da ya juya baya sai ya saki ƙafar, ya yi ɗingishi sosai har bakin ƙofa. Bai ƙara ɓoyewa ba.

Na zauna a bencin tsofaffin nan. Katako ne mai tauri.

Asabar, 15 ga Maris

Ban je ba. An ci mu. A'a, sa'a ce ba ta zo ba. Mai aski ya aiko cewa layi ya yi yawa kwanakin nan, in nemi wani shagon.

Litinin, 17 ga Maris

Kwamiti ya je gidan su Tsani jiya. Shugaba ya rantse, Sakatare ya yi hawayensa. An ce Auta ta tsaya a tsakar ɗaki ta ce ba za ta ƙara taka gidana ba. An ce Tsani ne ya ce mata ta yi haƙuri, uba ne.

Na san shiri ne. Ita ta gaya mini da bakinta. Sanin hakan bai rage komai ba.

Juma'a, 28 ga Maris

An yi wa Tsani aikin gwiwar, an ce ya yi kyau. A bakin mai burodi na ji, shi ma ba ni yake gaya wa ba.

Auta ba ta zo ba. Na dawo daga sayen sabulu na tarar da leda rataye a hannun ƙofa, maganin hawan jini ne a ciki. Jiya na sha ƙwayar ƙarshe.

Asabar, 12 ga Afrilu

Wasan rufe kaka. Na hau can sama inda ba a zama saboda zafin rufi. Mutanen da ke layin suka matsa, suka bar mini fili kamar mai tari.

Tsani yana kan benci, ƙafar a miƙe cikin ɗauri, tsakanin tsofaffin koci biyu. An naɗa shi mai ba da shawara kan wani abu. Yana ihu ya fi su duka. Wani ɗan wasa ya zubar da ƙwallo, ya kusa miƙewa, tsofaffin suka riƙe masa riga. Yana dariya. Auta tana bayansa. Ba ta ɗaga kai ba ko sau ɗaya, kuma na san ta san inda nake.

Ana tsakiyar wasa na ji wani yana hawowa a hankali, yana lalubar kujeru. Direba ne. Ya zauna kusa da ni yana haki. Bai gaishe ni ba. Can ya ce, "Malam, nawa da nawa? Allon nan ba na ganinsa."

Na gaya masa. Ya ce, "Kyaftin ne ya ce kana nan sama kai kaɗai. Kada ka ce na faɗa. Har yanzu fushi muke yi da kai."

Na ce na sani. Na yi ta faɗa masa wa ya jefa, wa ya zubar, har aka tashi. Da za mu sauko ya kama hannun rigata, don matakala.

Litinin, 14 ga Afrilu

Taron kwamiti. Tsarina yana nan ƙarƙashin kofuna, ya yi zoben shayi. Shugaba ya tambaya ko mai tsare-tsare yana da magana. Na ce a kira kafinta ya ƙara wa bencin tsawo.

Sakatare ya ce, "Ba ragewa ka ce za a yi ba, Malam?" Na ce ba daidai ba ne 'yan wasa su riƙa zama a ƙasa, shi ke nan. Maganar tsari ce kawai.

Na ce kuma a sa wa bencin katifa.